Gida na Takwas, Gida na Tara

Alhamis, 5 ga Disamba, da yamma

Allah ya saka wa matan layinmu da alheri. Duk garin nan babu masu kama baki irinsu. Tun ranar Talata ban ji wadda ta yi gulmata ba. Addu'a kawai suke yi mini. Suna yin ta a shagon burodi, suna yin ta a tashar bas da layin kantin magani, da sunana da sunan ɗana da lambar gidanmu, don kada Ubangiji ya yi ɓatan kai ya kai rahamar gidan wasu. In na shigo sai kowa ta yi tsit, saboda addu'a ba ta son a katse ta.

Goggo Jolán ce shugabarsu. Yau ta tare ni a bakin shinge, ta kama hannuna da nata biyu.

"Aranka 'yata, makonnin jira muke ciki. Kafin Kirsimeti duniya duka jira take yi. Ki yi haƙuri."

Tana faɗin haƙuri kamar a gidanta ake haɗa shi. Na ce na gode, Goggo. Ni da na tsufa ina sayar da kabeji mai tsami, ni za a koya wa jira? Ka yanka, ka zuba gishiri, ka danne da dutse, ka ba shi baya. Sai dai mai jiran kabeji ya san abin da zai tarar ranar da ya ɗaga dutsen.

Ɗana Vendel bai fito daga ɗakinsa ba yau ma. Na ajiye masa miya a ƙofa.

Juma'a, 6 ga wata, bayan kasuwa

A bas na je, da bokiti biyu, tunda motar kayanmu tana wajen 'yan sanda tun ranar da ta buge maƙwabcinmu Ambrus. Ban taɓa sanin garin nan yana son kabeji haka ba. Mace ta sayi na cin mutum ɗaya, ta tsaya kallon fuskata na mutum goma.

Tibor mai kifi, wanda teburinsa ke manne da nawa, ya bari sai da layin ya ragu.

"Uwar kabeji, yaya Ambrus?"

"Ka ga farar rigar likita a jikina?"

"An ce bai farka ba har yanzu. An ce kansa ne ya bugi ƙarfen gada."

"Kifinka ya fara wari, sarkin an ce."

"Ba faɗa na kawo ba. Kowa ya san gangaren gadar nan da asuba, ƙanƙara ce zalla. Ko ni ne a motar, ba Vendel ba, abin da zai faru ke nan."

"Keken ba fitila," na ce masa. "Tsoho ya hau keke cikin duhu, ba fitila, wai zai je kaɗa ƙararrawar sujadar asuba. Cocin guduwa zai yi?"

Tibor ya ce to. Ya ci gaba da kankare kifinsa. Ba na son wannan to ɗin nasa. Da ya yi mini gardama da na ji daɗi.

Asabar, 7 ga wata, da rana

Na gaya wa ɗan sandan keken ba fitila. Ya ce, "Kina wurin ne, Uwa?" Yaro ne, da ƙuruciyarsa nakan ba shi kokwamba kyauta.

Lahadi, 8 ga wata, bayan coci

An kunna kyandir na biyu cikin huɗu na makonnin jira. Ban san wa ya kaɗa ƙararrawa ba, amma ko wane ne yana da fushi da ita.

Wurin Etelka a bencinmu babu kowa. Kullum tana bin bas ɗin safe zuwa asibitin birni, ta zauna gefen mijinta Ambrus, ta dawo da duhu. Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata. Ita ta riƙe Vendel ranar baftismarsa, ya yi mata fitsari a sabuwar riga, takan ba da labarin duk shekara. Ambrus ne ya koya masa hawan keke a layin nan. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, na san shi ai.

Da aka tashi, Goggo Jolán ta tara mu, mu gidaje taran da ke karɓar hoton Maryamu da Yusufu masu neman masauki. Daga sha biyar ga wata zai fara yawo kamar kullum, kowane gida kwana ɗaya, wanda ya kwana da shi ya kai wa na gaba da faɗuwar rana. Tun ina amarya gidana ne na takwas, na Etelka na tara. Tun rasuwar maigidana Vendel ke ɗaukar hoton daga teburina zuwa ƙofarta.

Na san abin da za a ce. Za a ce bana ki huta, Aranka, kina da abin da ya dame ki. Na kwana ina shirya musu amsa, mai kyau, wadda za ta bar kowace da abin taunawa har Ista. Na tsaya na gyara gyale ina jira.

Goggo ta ce, "Jerin yana nan yadda yake. Allah ya kai mu."

Shi ke nan. Na dawo gida da jawabina ba a taɓa shi ba. Sai da na zo cire takalmi na gane abin da ta yi mini. Ranar ashirin da uku, a gaban gidaje tara, ɗana zai ƙwanƙwasa ƙofar matar nan ya tambaye ta ko akwai masauki.

Litinin, 9 ga wata, da la'asar

Babu abin da ba a musanyawa in an san bakin zaren. Na je gidan Goggo da kwalbar barkono mai tsami, irin wanda take cewa yana tayar mata da ƙwannafi amma ba ta taɓa mayar da shi ba.

"Goggo, tunani na yi. Gizella ta gida na uku gwiwarta na ciwo, gangaren gidanta ga santsi. In ta dawo ta takwas, ni in koma ta uku, kin ga an taimake ta."

"Gizella ce ta aiko ki?"

"Kunya take ji."

"Ikon Allah. Gizella da kunya." Ta juya kwalbar tana duba barkonon. "Na tambayi Etelka a tasha ko tana so a sauya jerin."

"Me ta ce?"

"Ta dube ni. Bas ya zo, ta shiga."

"To ai kin ga ba ta so mu zo."

"Ban ga komai ba, 'yata. Bas na gani. Tunda ba ta ce a sauya ba, ni ba na sauyawa."

Ta riƙe barkonon. Tsohuwar nan da kasuwa ta shiga, da tuni ta saye mu duka.

Talata, 10 ga wata, da safe

Akwatin tafiya da ke kan kabad ya sauko. Na gan shi ta ƙofar da Vendel ya bari a buɗe, a ƙasa, baki buɗe, ba komai a ciki.

Na ce, "Wannan fa?"

Bai juyo ba. "In 'yan sanda sun gama da ni, kotu ta gama, zan tafi Ostiriya. Ana neman ma'aikata a wajen yankan katako."

"Kai da ba ka iya soya ƙwai ba."

"Ba zan iya fita ƙofar nan kullum ina ganin tagar Inna Etelka ba, Mama."

Na ce ya sha miyarsa. Ɗa ɗaya gare ni. Na ga yadda 'ya'yan mutane ke tafiya Ostiriya: shekarar farko suna zuwa duk wata, ta biyu Kirsimeti, ta uku hoto a waya.

Laraba, 11 ga wata

Duk shekara war haka nakan kai wa Etelka ganyen kabeji na naɗin Kirsimeti, manya, marasa yagewa. Na zaɓa, na cika bokiti, na ajiye a ƙofar shingenta bayan bas ɗinta ya tashi. Ba wani abu ba ne. Al'ada ce.

Alhamis, 12 ga wata, da hantsi

Bokitin yana bakin ƙofata, an wanke shi tas, an kife.

Ko ta zuba a tukunya, ko ta zuba wa kaji. Na ɗauki tsintsiya na yi ta sharar gefen shinge inda babu abin sharewa, ina leƙen garken kajinta. Kajin suka zuba mini ido. Ko ganye ɗaya ban gani ba, amma kajin Etelka ba sa barin shaida.

Wanda ke fushi da kai yana wanke maka bokiti? Yana iya yi. Ni ma na taɓa wanke na wata don ta ji haushi.

Juma'a, 13 ga wata, da yamma

Na shuka alkamar Kirsimeti a faranti na ɗora a taga, don kada a ce gidan nan an bar komai.

Ina waya da ƙanwata a kicin, ina gaya mata yadda abin yake, na zo daidai wajen keken, sai na ji mutum a bayana. Vendel ne, ya rame. Gemu ya cika masa fuska kamar ubansa lokacin jinya.

"Yana da fitila, Mama."

Na kashe wayar.

"Ja, a bayan sirdi. Ni na ɗaura masa ita da bazara. Na gan ta tun daga saman gangare, na ce a raina ga Baba Ambrus can. Na taka birki, motar ta ci gaba da tafiya. Ki daina gaya wa mutane ba fitila."

"Don kai nake faɗa."

"Na sani. Ki daina."

Ya ɗebi ruwa ya koma.

Agogo ne bai buga ba ranar hatsarin. Ni ban ce masa ya yi gudu ba. Na ce dai in aka makara masu kabejin ƙauye suna kama bakin rumfa, mu a tura mu can kusa da bayan gida. Na buga masa ƙofa, na faɗa, wataƙila na maimaita a tsakar gida yana ɗora ganguna. Wannan ba cewa a yi gudu ba ne. Kowace uwa tana tashin ɗanta.

Asabar, 14 ga wata

Ban je kasuwa ba. Masu kabejin ƙauye su ci bakin rumfar.

Lahadi, 15 ga wata, bayan an dawo

Hoton ya fita daga coci zuwa gida na farko. Na bi su da fitilata, ni kaɗai daga gidanmu. Daga na tara babu kowa.

Abin da na gani sau ba adadi, yau na tsaya ina kallonsa kamar mai duba kayan da za a sayar mata. Mai ɗauke da hoton ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Baƙi ne biyu daga doguwar hanya, macen tana da nauyi. Ko akwai masauki?" Uwar gida ta buɗe, ta ce akwai, ta miƙa hannu biyu ta karɓi hoton a dokin ƙofa, ita ta kai shi teburin da ta shirya. Sai ta juyo ta ce wa sauran su shigo.

Ka ga inda ramin yake. Hoton take karɓa. Mutane kuwa sai ta ce su shigo. Tana iya karɓar Maryamu da Yusufu da jakinsu ta mayar da ƙofa, babu wanda zai ce ta saɓa al'ada. Tana iya ƙin buɗewa ma, a bar mu da su a titi.

An yi addu'a, an sha shayi, an ci pogácsa, ƙananan burodin nan, mai gishiri da yawa. Da aka ambaci Ambrus kowa ya kalli ƙasa, wato ni.

Talata, 17 ga wata, bayan kasuwa

Da safe Tibor ya ce an ce ya motsa yatsa. Da rana mai ƙwai ta ce an ce an kira Fadan coci ya shafa masa man masu gab da mutuwa. Na tambayi Tibor wanne zan ɗauka.

"Ɗauki nawa, uwar kabeji. Nawa sabo ne."

"Haka ka ce da kifin jiya."

Ya naɗe wutsiyar kifi a takarda ya tura mini ta ƙarƙashin tebur. "Kai wa yaron. Kada ki ce daga ni ne, zai ce ya yi wari."

Laraba, 18 ga wata

Alkamar ta fito, duk ta karkata wajen taga. Na juya farantin. Na goge kabad. Na sake juya farantin.

Alhamis, 19 ga wata, da hantsi

Tunda idona biyu tun kafin zakara, na ce bari in je sujadar asuban nan in ga abin da ke fitar da tsofaffi cikin sanyi. Rabona da ita tun ina budurwa, ranakun kasuwa ba sa bari. Na bi ta gada. Ba wata hanyar.

Ba a kunna lantarki, kowa da kyandirinsa. Sanyi har cikin haƙori. Tsofaffi suna waƙa suna roƙon sama ta sauko da wanda aka yi alkawari, tururi na fita daga bakinsu. Sun san ranar da zai zo, tana jikin kalanda, amma suna roƙo kamar ana iya fasawa. Fada ya karanta labarin Zakariya, wanda mala'ika ya rufe wa baki har matarsa ta haihu saboda ya nemi a ba shi tabbaci. Na ce a raina mala'ikan nan bai taɓa biyowa ta layinmu ba. Daga baya na ga da ya biyo, ta gida na takwas zai fara.

A dawowa na ci karo da Etelka a tasha. Ita kaɗai, da jakarta mai ruwan ƙasa. Ba inda zan kauce. Ni da nake sayar wa Bajamushe kabeji ba da harshensa ba, na buɗe baki na rasa abin da ke ciki.

Na ce, "Sanyi."

Ta ce, "Sanyi."

Ta tsufa a mako biyu. Maɓallin kwat ɗinta na sama a ramin da ba nasa ba yake, hannuna har ya ɗaga zai gyara, na mayar da shi aljihu. Bas ya zo.

Juma'a, 20 ga wata, da yamma

Na shirya komai. Na ce wa Vendel ranar Litinin ni zan ɗauki hoton, za a ce yana da zazzaɓi, mura tana yawo, ba wanda zai yi mamaki.

"Ni zan ɗauka."

"Ba ka fita ko bakin shinge ba, sai ka fita gaban gidaje tara?"

"Ni nake ɗauka duk shekara."

"In ta ƙi buɗewa fa?"

"Sai mu tsaya."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Mama."

"In ta karɓe shi ta rufe ƙofa a fuskarka, Gizella tana kallo?"

"Sai in san inda nake. Yanzu ban sani ba." Ya dube ni. "Kullum kina neman ƙofar baya. Wannan gidan ba shi da ita."

Yana da ita mana, ta wajen kaji, na shiga ta nan sau dubu. Amma na gane abin da yake nufi. Ya nemi reza.

Asabar, 21 ga wata

Na wanke labule. Na wanke wanda na wanke jiya.

Lahadi, 22 ga wata, bayan baƙi sun tafi

Kyandir na huɗu. Hoton yana gidanmu.

Ba wanda ya yi fashi, har waɗanda gwiwarsu ke ciwo. Da aka ƙwanƙwasa na buɗe, na ce akwai, na karɓa. Vendel yana tsaye bayana da farar riga, ya yanke haɓarsa wajen aski. Mata suka yi ta kallon hoton da tsoron Allah, ta gefen ido. Goggo Jolán ce kaɗai ta je ta kama kunnensa kamar yana ɗan makaranta.

"Kai, ana ba ka abinci a gidan nan kuwa?"

"Ana ba ni, Goggo."

"To ka riƙa buɗe baki in an kawo."

Ya yi wani abu mai kama da dariya. Na yafe mata barkonon.

Tagar Etelka duhu har muka gama.

Litinin, 23 ga wata, da safe

Na zauna da kofi gaban hoton. Tsoho ne, gilashin ya tsage a kusurwa, jakin yana kama da Tibor. Maryamu tana kallon ƙasa, Yusufu ya ɗaga hannu zai buga wata ƙofa. Mai zanen bai zana abin da ya biyo baya ba.

Na yi mata magana, mace da mace. Na ce ke ma ɗa ɗaya gare ki. Na ce in ƙofar ta buɗu zan riƙa zuwa sujadar asuba duk shekara, har ranakun kasuwa. Ba ta ɗago ba. Na ƙara da kabejin gidan marayu. Na ƙara da barin gulmar Gizella. A kasuwa in ka kai nan mai kaya yakan yi tari ko ya gyara tsayuwa, ka san ka kusa. Wannan ko motsi.

Sai na ji kunya, don duk cinikin nan ban sa Ambrus a ciki ba. Na ce to bar ƙofar, ki tashe shi. Sannan na ce a'a, har da ƙofar. Kofin ya huce. Na zauna dai, ba tayi, ba ragi. Ban san ko wannan ne suke kira jira ba. Ba daɗi.

Litinin, da rana

Hayaƙi yana fita daga bututun gidan Etelka. Ta dawo da wuri.

Litinin, da la'asar

Ko don sanyi ta hura wuta.

Talata, 24 ga wata, da hantsi

Daga ƙofata zuwa tata ba nisan da za a kunna fitila, amma jiya kowa ya kunna. Vendel a gaba da hoton a ƙirji, ni a bayansa, sauran gidajen a bayana, ina jin numfashinsu a wuyana.

Ya ƙwanƙwasa. Ya gyara murya.

"Baƙi ne biyu daga doguwar hanya, macen tana da nauyi. Ko akwai masauki?"

Shiru. Akwai haske a kicin, mun gani. Wani ya yi tari. Gizella ta fara raɗa, Goggo ta taka mata ƙafa, na ji ƙarar. Na matsa zan ce masa ya isa, mu juya, mu kai shi coci, an yi abin da za a yi. Na ga bayan wuyansa, na ga bai motsa ba. Na rufe bakina. A rubuta wannan, don ba kullum ake gani ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Yatsun ƙafata sun daina ji.

Sakata ta motsa. Etelka ta tsaya a ƙofa da zanen aiki a ɗaure. Ba ta dubi kowa ba sai hoton.

Ta ce, "Akwai."

Vendel ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta ɗaga hannuwanta, fari fat da fulawa.

"Ba ka ga hannuna ba ne? In ɓata gilashin? Shigo da shi."

Ya tsaya kamar bai ji ba.

"Goge takalminka, na wanke ƙasa. Teburin yana inda ka sani."

Ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya wuce ta gabanta ya shiga, shi kaɗai, ya ɗora hoton kusa da kujerar Ambrus. Sai ta juyo ta ce mana, "Ku shigo, kuna sakar mini sanyi."

An yi addu'a. Da Goggo ta ambaci Ambrus, muryar da ta fi ƙarfi a amin ba ta mata ba ce, kuma ba ta kai ƙarshe ba. Etelka ba ta dubi Vendel ba. Ni ma ba ta dube ni ba, ko sau ɗaya, ta miƙo mini shayi kamar ana miƙa wa mai karanta mita. Ambrus yana nan yadda yake, ta gaya wa Goggo. Likitoci sun ce a jira.

Muna saka kwat za mu fita, ta ce, tana fuskantar bango, "Gobe zan kai masa bargo da rediyonsa. Jakar ta yi mini nauyi."

Yau da safe na leƙa ta labule. Suna tasha ita da Vendel, jakar a hannunsa, tsakaninsu filin da ganga za ta zauna. Bas ya zo, ta shiga, ya bi ta.

Ban ce an yafe ba. Ban ce komai ba, ni yanzu Zakariya ce. Abu ɗaya dai ya hana ni sakat. Sana'ata kallon hannun mutane ce. Pogácsar da ta ba mu jiya ta huce tun rana. Tandar a kashe take, na jingina da ita. Kwanon kwaɓi yana kife a kan kanta, busasshe. Zanen aikinta ko ɗigon fari babu, fulawar a tafin hannu kawai take, sabuwa, har tana zuba a dokin ƙofa.

Mace ta gama gashi, ta wanke kwano, ta goge ƙasa. Me zai kai hannunta cikin buhun fulawa bayan an ƙwanƙwasa mata ƙofa?